Zomon da ke cikin wata: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma a tsakar gida lokacin bazara, daren sha huɗu, ya san fuskar wata ba fara fat ba ce. Akwai dabbare-dabbare masu duhu a jikinta, kuma ba sa sauya wuri. Yadda kakanninmu suka gan su, haka muke ganinsu. Mutanen Indiya da Sin da Japan da Koriya, da tsofaffin al'ummun Meziko, sun dubi wannan tabo suka ce zomo ne. Wasu a kudancin Afirka suka ce zomo ne dai ya yi tabon, da farcensa. Ga tambayoyin da kan zo wa mutum idan ya fara jin wannan zance.

Labari ɗaya ne ya zagaye duniya?

A'a, kuma a nan aka fi yin kuskure. A Indiya sakayya aka yi wa zomo, aka zana shi a wata don kada a manta da kyautarsa. A Sin ma'aikaci ne, yana tsaye a bakin turmi. A Meziko jifa aka yi da shi. A kudancin Afirka ɗan aike ne da ya ɓata saƙo. Tabon ne kawai ya haɗa su, abin da zomon yake yi a can kuwa kowace al'umma daga rayuwarta ta ɗauko shi. Mai noman shinkafa shinkafa ya zuba a turmin, wanda kuma sarakunansa suka ƙare kwanansu suna neman maganin mutuwa, magani ya zuba.

To mene ne ainihin wannan baƙin tabo?

Narkakken dutse ne da ya daskare. A farkon rayuwar wata manyan duwatsun sararin sama sun yi ta faɗo masa, suka bar ramuka masu faɗin ɗaruruwan kilomita. Daga baya narkakken dutse ya riƙa ɓulɓulowa daga ƙarƙashi yana cika ramukan, akasari tsakanin shekaru biliyan 3 zuwa 3 da rabi da suka wuce. Wannan dutse yana da ƙarfe da yawa, shi ya sa ya fi tuddan da ke kewaye da shi duhu. Filayen sun rufe kusan kashi 16 cikin ɗari na jikin wata, kuma kusan dukkansu suna ɓangaren da ke fuskantarmu.

Dalilin da ya sa kowa a duniya yake ganin zane ɗaya shi ne, lokacin da wata yake ɗauka ya juya a kan kansa daidai yake da lokacin da yake ɗauka ya kewaye duniya, kwana 27 da 'yan awoyi. Saboda haka fuska ɗaya yake ba mu kullum. Ba wanda ya ga bayansa sai a 1959, da kumbon Tarayyar Sobiyet, Luna 3, ya ɗauko hotonsa. Da aka duba, bayan kusan babu irin waɗannan filaye. Da ɗaya fuskar wata ya juyo mana, da babu wannan zance gaba ɗaya.

Masana taurari na Turai sun zaci ruwa ne, suka kira filayen tekuna. Sunayen da ake amfani da su har yau wani ɗan Italiya ne, Riccioli, ya raɗa su a 1651. Amma ƙarnuka kafin shi masanin kimiyya Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta maƙala sukutum kan tabon da ke fuskar wata. Ya bi ra'ayoyin da ake da su ɗaya bayan ɗaya, har da na masu cewa hoton tekuna da duwatsun duniya ne yake bayyana kamar a madubi, da na masu cewa wani tururi ne ya gitta tsakaninmu da wata, ya rushe su. Ya tsaya a kan cewa tabon a jikin watan yake, wani sashe ne da ba ya karɓar haske kamar sauran. Ba shi da madubin hangen nesa, amma ya dace.

Yaya labarin Indiya yake?

A harshen Sanskirit sunan zomon daji shasha, kuma cikin sunayen wata akwai shashin da shashanka, wato mai zomo ko mai tambarin zomo. Har yau ana raɗa wa yara maza sunan Shashank a can. Ke nan a Indiya zomon ya shige cikin harshen kansa.

Labarin da ya fi shahara yana cikin tarin Jataka, labarai 547 na mabiya addinin Buda da aka adana da harshen Pali, kuma shi ne na 316. Abokai huɗu ne a bakin wani kogi: zomo, biri, dila da karen ruwa. Zomo ya dubi wata ya gane gobe ranar azuminsu ce, ya ce wa abokansa duk wanda mabaraci ya zo masa gobe ya ciyar da shi. Karen ruwa ya samo jajayen kifaye bakwai da wani masunci ya binne a rairayi. Dila ya ɗauko nama da guza da tukunyar kindirmo daga wata bukka. Biri ya tsinko mangwaro. Zomo kuwa ya kwanta yana tunani, shi ciyawa yake ci, wane baƙo ne zai ci ciyawa? Ya yanke shawara idan baƙo ya zo, namansa zai ba shi.

Sai Sakka, wanda a imaninsu sarkin sama ne, ya rikiɗe ya zama mabaraci don ya gwada su. Da ya iso wurin zomo, zomo ya ce masa ya tara itace ya hura wuta, shi zai faɗa ciki da kansa, don kada baƙon ya kashe rai a ranar azumi. Wurin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne nan: kafin ya yi tsalle, zomo ya girgiza jikinsa sau uku, don ƙananan ƙwarin da ke cikin gashinsa su faɗi kada su ƙone tare da shi. Wanda ya tsara wannan labari ya san halin kirki sosai, domin mai son a gan shi ba zai tuna da ƙuma a irin wannan lokaci ba. Wutar ba ta ƙona shi ba, ya ji ta da sanyi. Sakka ya bayyana kansa, ya matse wani dutse, ya yi amfani da ruwan da ya fita ya zana hoton zomo a jikin wata.

A lura da abin da sauran ukun suka kawo. Biyu daga ciki kayan wasu suka ɗauko, na ukun kuma bai wahala ba. Labarin bai zage su ba, amma mai saurare ya gane.

A Sin me zomon yake dakawa?

Maganin da in an sha ba a mutuwa. Suna kiransa Yutu, wato zomon jad, wani dutse mai daraja a wurinsu, saboda farinsa da santsinsa. Zancen ya tsufa ƙwarai. Akwai wata tsohuwar waƙa ta tambayoyi da ake jingina wa Qu Yuan, wanda ya rayu a ƙarni na 4 zuwa na 3 kafin Miladiyya, inda ake tambayar me wata ya samu da har ya riƙe wata dabba a cikinsa, kuma masu sharhi da yawa sun fassara dabbar da zomo. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wani ƙyallen alharini da aka tono a 1972 a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, cikin kabarin wata mai sarauta da aka binne a ƙarni na 2 kafin Miladiyya. A kusurwar sama ta dama akwai jar rana da baƙin tsuntsu a ciki, a ta hagu kuma jinjirin wata da kwaɗo da zomo.

Turmin ya zo ne ta wata hanya. A sassaƙe-sassaƙen zamanin daular Han ana ganin zomo yana daka magani a gaban Xiwangmu, uwar sarautar yamma, wadda suka yi imani ita ke riƙe da maganin dauwama. A wurinta ne gwanin baka Hou Yi, wanda aka ce ya harbo rana tara cikin goma da suka fito tare suna ƙona duniya, ya karɓo maganin. Matarsa Chang'e ta shanye, jikinta ya yi sakayau, ta tashi sama har wata. Tsofaffin littattafai sun ce sata ta yi. Masu ba da labari na baya suka tausaya mata, suka ce wani mugun almajirin mijinta ne ya zo ƙwace maganin sai ta haɗiye. Ko ta yaya, ta sami rashin mutuwa ta rasa kowa, sai zomo da ke daka a gefenta. Mawaƙan Sin sun daɗe suna amfani da ita wajen maganar kaɗaici da nadama.

Ana tuna su a bikin tsakiyar kaka, ranar 15 ga wata na 8 a kalandarsu, wanda ke faɗowa a Satumba ko farkon Oktoba, daidai lokacin da sabon gero ke shigowa gida a wajenmu. Iyali kan taru a waje su kalli wata, su ci wata zagayayyiyar waina mai zaƙi. A birnin Beijing akwai wani ɗan mutum-mutumin yumɓu mai kan zomo da sulken mayaƙi, Tu'er Ye, da ake saya wa yara a lokacin. Tatsuniyarsa ta ce ya sauko ne daga wata ya yi wa mutanen birnin maganin annoba.

Me ya sa a Japan da Koriya abinci ne a turmin?

Domin a can ƙarar turmi alamar biki ce. Japanawa suna turara wata shinkafa mai danƙo su kirɓa ta da ƙatuwar taɓarya har ta zama curi, kamar yadda ake kirɓa sakwara, sunanta mochi. Aikin kirɓawar sunansa mochitsuki, cikakken wata kuma tsohon sunansa mochizuki. Kalmomin sun yi kusa da juna har ana ganin wannan ya taimaka wajen mayar da magani ya koma shinkafa. A Koriya ma zomon wainar shinkafa yake kirɓawa, tteok, kuma lokacin bikin Chuseok ne aka fi tuna shi, a rana ɗaya da bikin Sin.

Japan ta gaji labarin Indiya ma, amma ya sauya a hanya. Malamin nan na Sin, Xuanzang, wanda ya yi tattaki zuwa Indiya a ƙarni na 7, ya rubuta cewa kusa da Baranasi an nuna masa wani gini na tunawa da dabbobi uku, yanyawa da biri da zomo. Da wannan siffa labarin ya shiga wani tarin labaran Japan na ƙarni na 12. A nan wutar ba ta yi sanyi ba. Zomon ya ƙone ya mutu, tsohon da ya zo gwada su ya ɗauki gawarsa ya kai wata, kuma aka ce dishi-dishin da ke kewaye da shi hayaƙin wutar ne. A ganina wannan ya fi na asalin nauyi a zuciya, domin kyautar da mutum bai rasa komai a cikinta ba da sauƙin yabo.

Mutanen Meziko fa, yaya nasu zomon ya hau?

Da mari ya hau. Labarin na Aztek ne, kuma wani limamin Kirista ɗan Sifen, Bernardino de Sahagún, ya rubuta shi a ƙarni na 16 daga bakin dattawan ƙasar, da harshensu na Nahuatl.

Sun ce duniya tana cikin duhu, sai abubuwan bautarsu suka taru a Teotihuacan, tsohon birnin nan mai manyan dala biyu na rana da wata da ke arewa maso gabas da birnin Meziko na yau. Ana neman wanda zai faɗa wuta ya zama rana. Wani mai dukiya da alfahari, Tecciztecatl, ya ce shi ne. Aka nemi na biyu kowa ya noƙe, sai aka nuna Nanahuatzin, matalauci mai ƙuraje a jiki, ya amsa. Suka yi kwana huɗu suna tsarkake kai. Mai dukiya ya miƙa gashin tsuntsu mai tsada da curin zinariya da murjani. Matalauci ya miƙa ɗanyen kara da curin ciyawa da ƙayoyi da ya shafa wa jininsa. Da aka zo bakin wuta, Tecciztecatl ya zabura sau huɗu yana ja da baya saboda zafi. Nanahuatzin ya runtse ido ya faɗa. Kunya ta kama na farko, ya bi shi.

Sai ga rana biyu sun fito da haske iri ɗaya. Taron ya ga ba daidai ba ne matsoraci ya yi kafaɗa da jarumi, sai ɗaya daga cikinsu ya cafki zomo ya maka wa Tecciztecatl a fuska. Haskensa ya dushe, shatin zomon ya zauna, ya zama wata.

A tsofaffin littattafansu na zane ana nuna wata kamar tukunya cike da ruwa, zomo na zaune a ciki. Zomo, tochtli, yana cikin sunayen ranaku ashirin na kalandarsu, kuma sun danganta shi da giya, har suna da abubuwan bauta na maye da suke kira zomaye ɗari huɗu. Tun kafin Aztek, mutanen Maya sun riƙa zana wata mace a zaune cikin jinjirin wata tana rungume da zomo, a jikin tukwanen da aka yi tsakanin shekara ta 250 da ta 900.

Can arewa, a Kanada, mutanen Cree suna da nasu mai daɗin ba yara. Zomo ya so ya hau wata, duk tsuntsaye suka ƙi kai shi sai wani dangin gauraka. Zomo ya riƙe ƙafafunsa suka tashi, nauyinsa ya ja ƙafafun suka yi tsawo, da suka isa kuma ya dafa kan tsuntsun da hannunsa mai jini, shi ya sa kansa ke da ja.

Shin wasu ne suka koya daga wasu?

A cikin Asiya, e, akwai koyo. Addinin Buda ya isa Sin wajen ƙarni na 1 na Miladiyya, ya shiga Koriya a ƙarni na 4, ya tsallaka Japan a ƙarni na 6, kuma labarin zomo mai sadaukarwa ya bi sawunsa. Sai dai ƙyallen Mawangdui ya girmi wannan tafiya, don haka Sinawa suna da zomonsu kafin na Indiya ya same su a rubuce.

Tsakanin Asiya da Meziko kuwa ba a buƙatar jirgin ruwa kafin a bayyana kamannin. Watan ɗaya ne, idon ɗan Adam ɗaya ne, zomo kuma yana ko'ina. Ƙwaƙwalwarmu an halicce ta da saurin tsamo siffar fuska ko dabba daga abin da ba shi da tsari, shi ya sa yaro zai nuna maka raƙumi a gajimare. Abin da ya fi gamsar da ni cewa kowa da kansa ya gano shi ne yadda labaran suka saɓa. Da aro aka yi, da an aro har da dalilin hawan.

Me ya sa zomo, ba akuya ko kare ba?

Kunnuwan ne. Akwai filaye biyu dogaye da suka rabu daga wuri ɗaya kamar yatsu biyu, kuma da zarar an ce maka kunnuwa ne, ba ka sake daina ganinsu. Ban da haka, zomon daji da magariba yake fitowa kiwo, manomi ya fi ganinsa a farin wata. Zomanya ta gida kuma kusan kwana 30 take yi da ciki, tsawon wata guda ke nan, ga yawan haihuwa. Tsofaffin Sinawa har sun ce zomanya wata take kallo ta ɗauki ciki.

Akwai irin wannan a Afirka?

Akwai, kuma a wurina shi ne mafi zurfi, domin shi kaɗai ne ya tunkari tambayar da ta fi damun ɗan Adam kai tsaye, wato dalilin mutuwa. Na mutanen Khoikhoi ne da San na Namibiya da Afirka ta Kudu. Wani masanin harsuna ɗan Jamus, Wilhelm Bleek, ya buga wasu nau'o'insa a 1864, daga baya shi da Lucy Lloyd suka rubuta wani daga bakin mutanen San a birnin Kef.

Wata ya so ya aika wa mutane albishir: yadda nake mutuwa in sake tashi, haka ku ma za ku mutu ku tashi. A wani nau'in ƙwaro ya aika, zomo ya tare shi a hanya ya ce kai ba ka da sauri, kawo in kai. A wani kuma zomon aka aika tun farko. Da ya isa sai ya juya maganar, ya ce wata ya ce yadda yake mutuwa ya ɓace, haka ku ma za ku mutu ku ɓace. Ya koma ya faɗa wa wata abin da ya ce. Wata ya fusata ya buge shi da sanda a baki, leɓensa ya tsage, kuma har yau leɓen zomo a tsage yake. A wasu nau'o'in zomo ya rama, ya yakushi fuskar wata, tabon ke nan. An rubuta cewa dattawan Nama, wani reshe na Khoikhoi, ba sa cin naman zomo saboda wannan.

Dubi abin da labarin ya ɗauka a matsayin doka: magana in ta fita ta isa kunne, ba ta dawowa, ko da ɗan aike ne ya ɓata ta. Zulu suna da mai kama da shi, inda hawainiya ta tsaya ciye-ciye a hanya ƙadangare ya riga ta isa da mummunan saƙo. Al'ummun da duk harkarsu a baki take, ba takarda, sun san girman amanar ɗan aike.

Akwai wanda ya iso ƙasar Hausa cikin waɗannan labarai?

Ɗaya ya iso, ta hanyar littattafan Larabci, ko da yake ya bar rabin ma'anarsa a hanya. Wanda ya karanta Kalila wa Dimna zai tuna labarin giwaye da zomaye a babin mujiyoyi da hankaki. An yi fari, giwaye suka sami wani marmaro da ake kira Idon Wata, a hanyarsu suka tattake zomaye da yawa. Wani zomo mai suna Fairuz ya jira daren farin wata, ya hau tudu, ya kira sarkin giwaye ya ce wata ne ya aiko shi, kuma ɗan aike ba ya laifi. Ya ce wata ya yi fushi an gurɓata masa ruwa, in ba ka yarda ba zo ka gani. Giwa ya sa hancinsa a ruwa, hoton wata ya kama rawa. Zomo ya ce ka gani, kakkarwa yake don fushi. Giwa ya tuba, ya kwashe jama'arsa.

Asalin littafin daga Indiya yake. An fassara shi zuwa tsohon Farisanci a ƙarni na 6, Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci wajen 750. Mai karatun Larabci zai iya tambayar me ya sa giwa ya yarda cewa wata zai aiko zomo. Ɗan Indiya ba zai tambaya ba, domin ga zomon nan a fuskar wata kowa yana gani, kuma a wani nau'in labarin na can, wata da kansa yake cewa zomaye mutanensa ne, shi ya sa ake kiransa mai tambarin zomo. Bahaushe kuwa ya riga ya taƙaita ruhin labarin a karin magana: zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Mu ma muna da namu zantukan na sama. Mun aurar wa wata da Zara, tauraruwar nan mai haske da ke bin sa. In an yi husufi a da, yara kan fita suna kaɗa gwangwani wai rana ta kama wata, kamar yadda Sinawa kan buga ganguna su kori karen da suka ce yana cinye shi. Wanda yake da kaka ko tsohuwa a gida, ya kamata ya zauna da ita a farin wata ya tambaye ta me aka ce musu game da tabon suna yara, ya ɗauki muryarta a waya. Labarin Khoikhoi ya kawo yau ne saboda wani ya zauna ya rubuta.

Waɗanda ba su ga zomo ba, me suka gani?

Turawa akasari mutum suka gani, wasu fuska, wasu kuma mai ɗauke da damin itace da aka hukunta don ya yi itace ranar hutun ibada. A Italiya ta da an ce Ƙabila ne ɗan Annabi Adamu da damin ƙaya. Mutanen arewacin Turai sun ga yara biyu da bokitin ruwa a sanda. Maori na Niyu Zilan sun ga Rona, matar da ta yi tuntuɓe a hanyar ɗiban ruwa ta zagi wata, ya sure ta da goranta. A Biyetnam akwai zomo, akwai kuma wani mutum, Cuoi, zaune a gindin bishiya.

Musulmi zai iya karanta irin waɗannan labarai?

Sanin abin da wata al'umma take faɗa daban ne da gaskata shi. Malamin Musulmi Albiruni ya koyi Sanskirit, ya rubuta littafi kan Indiya wajen 1030, ya kawo aƙidunsu yadda suke faɗarsu, kuma har yau ana cin moriyar aikin. A wurin Musulmi rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, halittu ne masu bin umarni. Malaman tafsiri ma sun taɓo tabon. A ƙarƙashin aya ta 12 ta Suratul Isra'i, inda aka ambaci shafe ayar dare, Ɗabari ya kawo ruwaya daga Sayyidina Ali, Allah ya ƙara masa yarda, cewa shafewar ita ce baƙin da ke jikin wata. In za a ba yara labarin zomo, a gaya musu tatsuniyar mutanen wuri kaza ce, kamar yadda suka san Gizo da Ƙoƙi tatsuniya ne.

Da aka je wata, an tuna da zomon?

An tuna. A Yulin 1969, kafin kumbon Amurka Apollo 11 ya sauka, masu kula da tafiyar daga Houston sun karanta wa 'yan sama jannatin labarin Chang'e da zomonta cikin labaran safe, ɗaya daga cikinsu ya amsa cewa za su sa ido. Inda suka sauka ranar 20 ga watan, Mare Tranquillitatis, wato Tekun Natsuwa, shi ne kan zomon.

Sinawa kuwa sunan Chang'e suka sa wa kumbunansu na wata. Chang'e 3 ya sauka ranar 14 ga Disamba 2013 da 'yar motar bincike mai suna Yutu, sunan da jama'a suka zaɓa ta intanet. Ba ta yi nisa ba ta samu matsala ta kasa motsi, amma ta ci gaba da aiko bayanai har 2016. Ranar 3 ga Janairu 2019 Chang'e 4 ya zama kumbo na farko da ya sauka lafiya a bayan wata, da Yutu na biyu. A Disamba 2020 Chang'e 5 ya dawo da giram 1,731 na ƙasa da tsakuwa daga Oceanus Procellarum, Tekun Guguwa, wanda yake cikin gangar jikin zomon. Da aka auna, dutsen wurin shekarunsa kusan biliyan 2 ne, ya fi duk narkakken dutsen da Apollo ya kawo ƙuruciya.

Yaya zan gan shi da idona?

Ka jira daren 14 ko 15 ga watan Musulunci, ka fita bayan magariba ka fuskanci gabas tun wata bai yi sama ba. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, daga Kano zuwa Damagaram zuwa Kumasi, mun yi sa'a, domin a lokacin fitowarsa zomon kusan a tsaye yake. Daga sama za ka ga dogayen tabo biyu sun karkata dama, su ne kunnuwa, Mare Fecunditatis da Mare Nectaris. Inda suka haɗu shi ne kai. Daga nan duhun ya gangara ta hagu ya yi baka, wuya da gadon baya ke nan, har ya buɗe ya zama babban fili a ƙasa. Tabon da ke ƙasa ta dama, Mare Nubium, Tekun Gajimare, shi ne turmin. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin tabo zagayayye shi kaɗai kusa da bakin sama, ba ya cikin zomon.

In akwai ƙurar hunturu kaɗan ma ya fi, tana rage ƙyallin har tabon ya fito sosai. Kyamarar waya takan wanke shi ya zama farin ƙwallo sai an rage hasken hoton da hannu. In ka tashi sallar asuba ka sake dubawa ta yamma, za ka tarar ya juye, kunnuwa ƙasa, turmi sama.